Baiwa da Ɓoye Gaskiya: Sharhi a Kan Shirin Merlin

A ranar 20 ga Satumba, 2008, tashar talabijin ta BBC One da ke Birtaniya ta fara haska wani shiri mai dogon zango mai suna Merlin. Labarin wani saurayi ne ɗan ƙauye da aka haifa da ikon sihiri, ya tafi neman abin yi a birnin da ake fille kan duk wanda aka kama yana sihiri. Shirin ya yi zango biyar, kowane zango kashi 13, jimilla kashi 65, ya ƙare ranar 24 ga Disamba, 2012. Don iyali aka shirya shi, shi ya sa aka ba shi yammacin Asabar, lokacin da yara da manya ke haɗuwa gaban akwati ɗaya. Daga can ya bazu ƙasashe da dama, ya iso Najeriya a zamanin da faifan DVD ke tashe, yau kuma yana yawo a wayoyin hannu. Duk uban da ya leƙo ya ga idon yaron nan ya koma ruwan zinare, yana furta wasu kalmomi, kulle yana buɗe kansa, dole ya tambayi kansa ko ya dace 'ya'yansa su zauna gaban wannan. Tambaya ce mai nauyi, kuma tana da haƙƙin a amsa ta. Ra'ayina shi ne, wanda ya bi labarin daga farko har ƙarshe zai tarar abin da aka gina shi a kai guda ne: baiwa, komai girmanta, ba ta gyara ɓarnar da tsoro da ɓoye gaskiya suka yi. Wannan darasin ya isa a kalli shirin saboda shi, muddin akwai babba a kusa da yaron.

Labarin Sarki Arthur da bokansa Merlin tsoho ne ƙwarai a wurin Turawan Birtaniya. Wajen shekara ta 1136 wani malamin coci mai suna Geoffrey na Monmouth ya rubuta tarihin sarakunan ƙasar da harshen Latin, ya cuɗa gaskiya da almara, a nan ne Merlin ya fito a matsayin yaro marar uba wanda ya bayyana wa Sarki Vortigern dalilin da ya sa hasumiyar da yake ginawa ke ta rushewa. A 1485 aka buga littafin Thomas Malory, wanda ya tattara labaran Arthur da baradensa wuri ɗaya. Hoton da ya zauna a zukatan mutane tun daga nan shi ne na dattijo mai farin gemu yana ba yaro sarki shawara. Mutum huɗu da suka ƙirƙiro shirin talabijin ɗin, wato Julian Jones da Jake Michie da Johnny Capps da Julian Murphy, sai suka juya wannan hoton. Suka mai da Merlin da Arthur tsararrakin juna, ɗaya yarima mai ji da kai, ɗaya baransa. Colin Morgan ne ya fito a Merlin, Bradley James ya fito a Arthur, aka ɗauki hotunan birnin Camelot a wata tsohuwar fada mai suna Pierrefonds a Faransa, sauran kuma a yankin Wales. Wannan juyi shi ne ƙashin bayan shirin. Da dattijo ne mai ikon, da ba abin da yaro zai koya daga gare shi illa mamaki. Da aka ɗora ikon a kan wanda bai gama mallakar hankalinsa ba, sai kowane kashi ya zama jarrabawar hali.

Kashi na farko ya shimfiɗa komai. Merlin ya shigo Camelot da jakarsa a baya, ɗauke da wasiƙar mahaifiyarsa Hunith zuwa ga Gaius, mai maganin fada. Abin da ya fara cin karo da shi a dandali shi ne taron jama'a ana fille kan wani mutum bisa laifin sihiri, Sarki Uther yana tsaye a bene yana sanar da hukunci. Uwar mamacin ta fito cikin taro ta yi rantsuwar ɗa zai biya ɗa. Ta kashe wata mawaƙiya da aka gayyato fada, ta ɗauki kamanninta, ta tsaya gaban manyan baƙi tana waƙa har barci ya kwashe kowa, yanar gizo ta lulluɓe su a kujerunsu. Merlin ya toshe kunnuwansa, ya sa fitilar da ke rataye a rufi ta faɗo mata, da ta wurga wa Arthur wuƙa kuma ya janye shi. Ladan da sarki ya ba shi shi ne ya zama baran yarima. Daga ranar, saurayin da ya fi kowa iko a ƙasar yana goge sulke, yana share bargar dawakai, yana kwana a wani ɗan ɗaki a sashen Gaius, wani lokaci a sa shi a turu yara su jefe shi da ruɓaɓɓen kayan lambu. Yakan ceci ran ubangidansa, yabo ya tafi ga wani. Matashi ɗan shekara goma sha biyar ya san wannan yanayin ciki da waje: yana jin akwai wani abu mai daraja a tare da shi, amma a gida shi ne ɗan aike. Abin da shirin ke gaya masa shi ne hidima ba ta rage wa mai baiwa komai, kuma wanda ya iya riƙe ikonsa ya fi wanda ya iya nuna shi.

Da labarin ya tsaya nan, da wa'azi ne mai sauƙi a kan haƙuri. Zurfinsa yana cikin tambayar da ya bi sannu a hankali: me ya sa aka haramta sihiri a Camelot tun farko? Amsar tana wurin sarkin da kansa. Uther da matarsa Ygraine sun rasa haihuwa, sai ya nemi wata matsafiya mai suna Nimueh ta taimake shi ya sami magaji. Aka haifi Arthur, uwar ta mutu, domin a ƙa'idar wannan duniyar ba a samar da rai sai an biya da rai. Maimakon Uther ya ɗauki laifinsa, sai ya ɗora shi a kan duk wani mai sihiri. Ya yi shekara ashirin yana farautarsu, ya ƙone wasu, ya sa aka nutsar da yara a ruwa, ya ƙarar da manyan dodanni masu feso wuta, ya bar ɗaya ɗaure da sarƙa a kogo ƙarƙashin fada. Dokar da ake kashe mutane a kanta, ashe mayafi ce da mai mulki ya rufe abin kunyarsa da ita. Anthony Head ya taka rawar Uther ta yadda mai kallo zai ga uba mai son ɗansa da azzalumin sarki a jiki ɗaya. Yaro da ya fahimci wannan ya koyi abin da manya da yawa ba su gane ba game da mulki: sau da dama shugaban da ya fi kowa zafi a kan wani laifi yana gudun tuna nasa ne.

Cutar da ta kama Uther ita ce ta bi sauran mutanen fadar, har da nagarinsu, kuma a kan Morgana aka fi ganin haka. A zango na farko ita ce mai tausayin gidan, 'yar riƙon sarki wadda ke tsayawa gabansa ta ce ba a yi adalci ba. Sai ta fara mafarkai masu zama gaskiya, wata rana cikin dare kyandir ya kama da kansa, labulen ɗakinta ya ci wuta. Ta firgita, domin ta san hukuncin mai irin wannan a gidan da take ci take sha. Gaius ya san abin da ke damunta, amma ya ci gaba da ba ta maganin barci yana cewa ba komai. Merlin ya fi kowa sanin irin kaɗaicin da take ciki, kalma ɗaya daga bakinsa za ta nuna mata ba ita kaɗai ba ce, amma ya yi shiru saboda an gargaɗe shi. Wadda ta buɗe mata hannu ita ce Morgause, wata matsafiya mai neman rushe Camelot. Gab da ƙarshen zango na biyu, da aka yi amfani da Morgana wajen jefa birnin cikin barcin sihiri, Merlin ya zuba guba a salkar ruwa ya miƙa mata, ta sha saboda ta yarda da shi. Bayan haka ta gano Uther ne mahaifinta na jini, ya ɓoye ya ƙi amsa ta. Ba ina wanke Morgana ba ne. Da ta ƙwace gadon sarautar Camelot ta sa aka harbi talakawa a dandali, wannan zaɓinta ne, kuma shirin bai sassauta mata ba. Amma duk ƙofar da za ta iya bi ta dawo, wani mai ƙaunarta ne ya rufe ta da shirunsa.

Haka abin ya maimaitu tsakanin Merlin da Arthur, har sau biyu a wuraren da suka fi muhimmanci. A zango na biyu Arthur ya ji gaskiyar yadda aka haife shi, ya dawo fada a fusace, ya zare takobi ya kai mahaifinsa ƙasa. Don ya hana shi kashe ubansa, Merlin ya ce masa ƙarya ce matsafiya ta shirya. Ya tsare abokinsa daga mummunan aiki, amma ya bar shi da yaƙinin cewa duk mai sihiri maƙaryaci ne. A zango na biyar kuma, bayan Arthur ya gaji mahaifinsa, wasu mata uku masu hukunci da sunan tsohon addinin ƙasar suka gindaya wa Arthur sharaɗi: ya karɓi sihiri a masarautarsa, ko ya fuskanci abin da zai biyo baya. A lokacin wani matashin barde mai suna Mordred yana kwance rai a hannun Allah, bayan ya tare wa Arthur mashi. Sarki ya zauna bakin wuta cikin dare ya tambayi baransa shawara. Wannan ita ce damar da Merlin ya yi shekaru yana jira, amma an riga an faɗa masa Mordred ne zai kashe Arthur, yana kuma zaton in aka ƙi sharaɗin yaron zai mutu. Idonsa cike da hawaye ya ba da shawarar kada a ba sihiri wuri a Camelot. Suka koma gida suka tarar Mordred ya warke sarai. Ya sayar da 'yancin mutanensa don ya kashe wanda bai riga ya yi laifi ba, ya tashi ba tsuntsu ba tarko.

Masu kallo da yawa sun ji haushin yadda shirin ya ƙare, kuma ƙorafinsu yana da tushe. Tun kashi na farko dodon da ke kogo yake alkawarin zamanin da Arthur zai haɗa kan ƙasa, sihiri ya dawo fili, ba a taɓa nuna wannan zamanin ba. Mordred ya koma wajen Morgana bayan an zartar da hukuncin kisa a kan yarinyar da yake so, ya soki Arthur a yaƙin Camlann, sai a lokacin, sarki yana kan hanyar mutuwa, Merlin ya buɗe baki ya ce shi mai sihiri ne. Arthur ya fara da ƙyamarsa, sannan a cikin 'yan kwanakin da suka rage ya gane wanda ya yi masa hidima duk tsawon shekarun nan, ya gode masa. Masu ƙorafi suna cewa an yaudare su. Ni ina ganin wannan ƙarshen shi ne ya fi kowane sashe na shirin gaskiya. Kwana biyu kacal suka ishi Arthur ya karɓi abin da aka ɓoye masa shekara da shekaru, wanda ke nuna da an faɗa masa da wuri, da wataƙila tarihin ƙasar ya canza. Da marubutan sun ba Merlin nasara bayan duk ƙaryar da ya yi da kyakkyawar niyya, da sun koya wa yara cewa niyya mai kyau tana wanke kowace hanya. Sun ƙi yin haka, sun bar shi da sakamakon aikinsa.

Yanzu sai babbar hujjar masu adawa, wadda ta shafi addini. Sihiri haramun ne a Musulunci ba tare da saɓani ba. Hadisi ingantacce ya lissafa shi cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa, Suratul Baƙara kuma ta ba da labarin Haruta da Maruta a Babila. Littafi Mai Tsarki na Kirista shi ma ya hana duba da maita. To, yaya za a zaunar da yaro gaban shirin da jaruminsa mai sihiri ne, ana so a ƙaunace shi? Ba daidai ba ne a wofantar da wannan damuwar da cewa ai wasa ne kawai. Gaius ya ba Merlin littafin sihiri yana nazari, ana nuna matsafa da wuraren bautarsu, kuma shirin yana ɗaukar cewa sihiri kamar takobi ne, kyansa da muninsa suna ga mai riƙe da shi. Wannan matsayin ya saɓa wa abin da muka yi imani da shi, kuma yaron da ba a yi masa bayani ba zai iya tashi kalmar ta yi masa sauƙi a kunne. A ƙasar da boka yake da ɗaki a bayan gari, mutane kuma suke kai masa kuɗinsu da imaninsu, haɗarin ya fi na ƙasar da aka yi shirin.

Sai dai akwai bambanci tsakanin bayar da labarin abu da koyar da shi, kuma Bahaushe ya daɗe da sanin wannan bambanci. Yaranmu sun tashi da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, da Dodo mai haɗiye gari, da dabbobi masu magana, mai bayar da labarin kuma takan rufe da shaida cewa ƙirƙira ce. A 1934 aka buga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukansu cike da aljannu da abubuwan al'ajabi, malamai ne suka rubuta su, an kuma karantar da su a makarantu shekara da shekaru. Ba mu ji wanda ya bar salla saboda su ba. Abin da ke kare yaro shi ne ya san iyakar almara, kuma wannan aikin iyaye ne. Kalmomin da Merlin ke furtawa tsohon Ingilishi ne da marubuta suka jera, hasken idonsa aikin kwamfuta ne, ba abin da yaro zai kwaikwaya ya samu. Uba yana iya faɗa wa ɗansa a fili: wannan da kake gani ƙage ne, a duniyar gaske babu sihiri mai kyau, wanda ake yi a zahiri cuta ce da saɓon Allah. Magana irin wannan, in an yi ta ana tsakiyar kallo, ta fi kashe akwati amfani, domin wanda aka hana a falo zai gani a wayar abokinsa ba tare da mai yi masa bayani ba.

Hujja ta biyu ita ce irin waɗannan shirye-shirye suna cusa wa matasa son samu ba wahala, a zamanin da ake kuka da masu neman kuɗin dare ɗaya ta hanyar tsafi. Akwai shirye-shiryen da zargin zai fi kusa da su. A Sabrina the Teenage Witch, wanda aka yi a Amurka daga 1996 zuwa 2003, yarinya takan nuna yatsa abu ya faru, ko da yake a can ma yawanci dabarar takan juye mata. Merlin kuwa ya yi nisa da wannan zargi. A cikinsa duk abin da aka samu ta sihiri sai an biya. A ƙarshen zango na farko, da Arthur ke bakin mutuwa, Merlin ya je wurin Nimueh ya ba da ransa fansa, sai ciwon ya faɗa kan mahaifiyarsa. A zango na huɗu ya yi ƙoƙarin warkar da Uther da sihiri don ya sauya zuciyar Arthur, makirci ya juya maganin, sarki ya mutu a hannunsa, ƙiyayyar Arthur ga sihiri ta ƙaru. Bayan shekaru yana riƙe da ikon da zai iya mallakar ƙasa da shi, Merlin bai da gida, bai da sarauta, bai tara ko sisi ba. Waɗanda suka ɗaukaka a labarin, halinsu ne ya ɗaga su: Gwen 'yar maƙeri, baiwar ɗakin Morgana, ta zama sarauniya, Arthur kuma ya naɗa 'ya'yan talakawa irin su Lancelot da Elyan barade saboda amanarsu, ya karya al'adar da ta keɓe wannan matsayi ga 'ya'yan manya.

Inda nake ganin shirin yana da rauni na gaske shi ne yadda ya riƙe maganar ƙaddara. Kowane kashi yana buɗewa da ambatonta, dodon nan yana faɗin abin da zai faru kamar mai karanta allo, kuma kusan duk abin da ya faɗa sai ya tabbata. Musulmi ya yi imani da ƙaddara, amma ya san gaibu na Allah ne shi kaɗai, ba a kuma hukunta mutum da laifin da bai aikata ba. Marubutan ba su tsaya a wuri ɗaya ba: wani lokaci suna nuna hasashen a matsayin gaskiyar da ba makawa, wani lokaci suna nuna cewa gaskata shi ne ya haifar da shi, tunda sanyin da Merlin ya riƙa nuna wa Mordred yana cikin abin da ya kore shi. Fassara ta biyu ita ce mai amfani, kuma ita ya kamata babba ya jawo hankalin yaro gare ta, domin tana nuna illar sauraron mai duba: ya sa ka zargi wanda bai yi maka komai ba har ka mai da shi maƙiyi. Haka kuma zangunan ƙarshe sun fi na farko duhu, akwai yaƙe-yaƙe da azabtarwa da mutuwar waɗanda aka saba da su. Abin da ya dace da ɗan shekara goma sha uku bai zama lallai ya dace da ƙanensa ɗan shekara shida ba.

Akwai kuma masu cewa wannan tatsuniyar wasu ce, me ya haɗa yaranmu da sarakunan Birtaniya? Gaskiya ne labarin nasu ne, kuma da shi suke renon 'ya'yansu a kan tarihinsu. Amma aro ba baƙon abu ba ne a adabinmu, Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa da Indiyawa ya saka su cikin Magana Jari Ce har suka zama namu. Abin koyi daga Merlin shi ne yadda aka ɗauki labari mai shekara fiye da 800, aka ba shi jarumi tsaran mai kallo, aka kuma yarda yara za su iya ɗaukar magana mai nauyi a kan mulki da amana da nadama. Muna da Bayajidda da rijiyar Kusugu, muna da Sarauniya Amina da Barbushe, muna da tarin littattafan yaƙi da matasa ke karantawa. Masana'antar fim ta Kano ta nuna tana iya riƙe masu kallo da shiri mai dogon zango, amma mafi yawan abin da take yi na manya ne, yara suna kallo ne a gefe. Wanda zai yi wa yaran Hausawa shirin almara da ya san iyakar addininsu, ya kuma girmama hankalinsu, zai cike giɓi babba.

Kafin a samu wannan, shawarata ga iyaye ita ce su karɓi shirin da idonsu a buɗe. Su kalli wasu kashi tare da yaran, su warware musu hukuncin sihiri ba tare da kwana-kwana ba, sannan su wuce zuwa tambayoyin da labarin ya fi damuwa da su. Me ya hana Merlin faɗa wa Morgana gaskiya, kuma me shirunsa ya jawo? Ƙaryar da aka yi don kare aboki tana zama halal? Me ya sa Uther ya fi son a kashe mutane da ya amsa kuskurensa? Matashi yana da abubuwan da yake ɓoye wa na gaba da shi, wasu na tsoro, wasu na kunya, kuma gidan da ya ji ba zai iya magana a cikinsa ba zai tura shi wurin duk wanda ya fara sauraronsa, nagari ne ko mugu. Uban da ya tattauna waɗannan tambayoyi da ɗansa ya nuna masa a aikace cewa a wannan gidan ana iya faɗin gaskiya a zauna lafiya, kuma wannan ita ce kariyar da ta fi kowace doka ƙarfi.